Ƙwaryar Iya a Cikin Fiyano

Ina shekara ta uku da fara koyarwa a wata firamare a Anka, wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin muna cikin jihar Sakkwato, yayana ya dawo daga aikin Hajji. Kowa a gida ya samu tsarabar da aka saba, dabino da zamzam da tasbaha da kwalli. Ni kuwa sai ya miƙo mini wani dogon kwali.

"Don yara na saye shi," in ji shi, "amma takardar da ke ciki duk Turanci ce. Ke ce malama, karanta ki ga mi shika yi. In ya yi miki, ki riƙe."

Ɗan fiyano ne na roba, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, ba shi da nauyin kirki. Haƙoransa farare da baƙaƙe ƙanana ne, yatsan namiji sai ya danna biyu lokaci guda. Batir biyar yake ci. A cikinsa akwai muryoyin da aka zo da shi da su, wata kamar sarewa, wata kamar ƙaho, da wasu kiɗe-kiɗen Turawa da ke ta maimaita kansu in an danna maɓalli. Waɗannan ba su ɗauke ni kwana biyu ba na gaji da su. Abin da ya riƙe ni wani maɓalli ne guda a gefen dama, kusa da wasu 'yan ramuka. Takardar ta ce in ka danna shi ka yi sauti a bakin ramukan, fiyanon zai kama sautin ya ajiye.

Na gwada a tsakar gidanmu da hantsi, Inna na tankaɗe. Na danna, na ce, "Salamu alaikum." Da na taɓa haƙorin tsakiya sai ga muryata ta fito. Na matsa dama, muryar ta sirance ta yi sauri kamar ta jaririya. Na koma hagu, ta yi kauri ta ja jiki kamar ta wani ƙaton dattijo mai jin barci. Inna ta amsa sallamar dattijon kafin ta gane daga cinyata take fitowa. Ta ajiye rariya ta dube ni ta dubi abin.

"Wanga ai aku na," ta ce. "Ki yi hankali da abin da kike hwaɗi gabanai."

Daga ranar sunansa aku a gidanmu, har yayana ma haka yake kiransa.

Cikin wata ɗaya na san iyakarsa. Abin da yake kamawa bai wuce tsawon sallama ɗaya ba, in an yi guɗa sai ya yanke ta a tsakiya. Sauti ɗaya tak yake riƙewa, in ka ba shi sabo ya zubar da tsohon. Haƙora huɗu kaɗai ke kuka tare, na biyar sai ya kashe na farko. Sautin kuma ba ya fita tas, akwai ɗan kaushi a cikinsa kamar an zuba masa yashi. Babban aibinsa shi ne mantuwa: da an kashe shi, ko ya kashe kansa don an bar shi 'yan mintoci ba a taɓa ba, abin da ya kama ya tafi ke nan.

Duk da haka ban taɓa riƙe wani abu da ya cinye mini yamma kamarsa ba. In na taso daga makaranta na gama girki, sai in bi gidan ina ba shi sautuka. Na ba shi faɗuwar taɓarya a turmi, da bakin tulu in an buga shi da tafin hannu, da ludayi a kan tasa, da ƙarar ƙyauren ɗakin girki. A nan na gane muryar mutum ba ta yi masa kyau sosai, amma duk abin da ake bugawa yana karɓarsa. Kaushin nan da ke ɓata murya, a kan turmi ƙara masa nauyi yake yi. Kuma daga bugu ɗaya sai ka samu bugu talatin da wani abu, kowane haƙori da girman turminsa.

Maigidana malamin gona ne, yana da rikoda mai cin kaset da yake yawo da ita ƙauyuka. Maƙwabciyata ma tana da tata. In na haɗa biyun, sai in ɗauki kiɗan turmi a ta farko, in kunna shi, in bi shi da kiɗan tulu ta biyu tana ɗauka, in sake juyawa in ɗora murya. Hawa uku ne iyaka. In aka yi na huɗu, shuuu ɗin kaset sai ya rufe kiɗan. Ban san wannan aikin yana da suna ba a lokacin. Ni dai wasa nake yi.

Da aka yi hutun ƙarshen zango na tafi Gummi gaishe da Gwaggo, yayar mahaifina, na naɗe akun a zane na tafi da shi don in ba ta dariya. Gwaggo zabiya ce ta kiɗan ƙwarya. Shekara talatin ko fiye tana waƙa a bikin mata, daga Gummi har ƙauyukan bakin gulbi. Lokacin da nake magana idonta ya riga ya tafi, sai haske da duhu take rarrabewa, kuma ta daina fita biki. Cikin matan da suke kiɗa tare, biyu sun rasu, ɗaya ta bi ɗiyarta kudu. Ta huɗun, wadda muke kira Iya, ita ce mai ƙwaryar ruwa, wato ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa cikin babban masaki a riƙa bugunta, hannun hagu na ɗan ɗaga bakinta don muryar ta sauka ko ta hau. Ita ce ƙashin bayan kiɗan, sauran ƙore a kanta suke tafiya.

Gwaggo da Iya sun shekara takwas ba sa magana. Kowa a dangi ya san dalili. A wani biki Iya ta makara, aka fara ba ita, Gwaggo ta saka ta a waƙa a gaban mata, ta ce akwai wadda ko a ranar aurenta sai da ango ya yi gyangyaɗi yana jira. Mata suka yi ta shewa. Iya ta gama kiɗan ranar, ta zubar da ruwan masakinta, ta ɗauki ƙwaryarta, ba ta sake zuwa ba. Bayan shekara ɗanta ya ɗauke ta ya koma da ita Bukkuyum, can ƙafafunta suka riƙe.

Na zauna gaban Gwaggo na nuna mata akun. Na sa shi ya kama tarinta, ta yi dariya har da hawaye. Sai na ɗauko wata ƙwarya a madafa na kifa a ruwan bokiti, na buga, ya kama, na shiga yi mata kiɗa da yatsu biyu. Ta karkata kai tana saurare. Bakinta ya fara motsi, ta ja baiti ɗaya, sannan ta tsaya.

"Wagga ƙwaryar fura ta," ta ce. "Ba ta da ciki. Ƙwarya guda ɗai na sani mai muryar da nika so, mai ita kuwa ta tai da abinta."

"Gwaggo, in na samo miki muryar fa?"

"Ki samo mi? Ni ban aike ki wurin kowa ba."

Ba ta ce kada in je ba. Da na koma Anka na gaya wa Inna, ta ce in je, amma kada in ce Gwaggo ce ta turo ni, don ƙarya ce, kada kuma in ce ba ta sani ba, don ita ma ƙarya ce. Maigidana ya ba ni izini. Ranar kasuwar Bukkuyum na shiga mota da sassafe.

Na tarar da Iya zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙafafu miƙe, tana ɓarar wake. Ta gane ni tun daga sallama. Muka gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi yayana da hanyar Makka, ta tambayi kowa har awakin gidanmu, ba ta tambayi Gwaggo ba. Na kwance zane na nuna mata abin da na zo da shi, na ce ina son muryar ƙwaryarta.

"Ke kika so, ko wata?"

"Ni nika so, Iya. Amma wata za ta ji."

Ta ci gaba da juya wake a faifai. Can ta kira surukarta ta ce a sauko mata da ƙwaryar daga rataye, a cika masaki da ruwa. Ƙwaryar ta yi baƙi don tsufa, an ɗinke ta a wuri biyu. Iya ta shafa ta da ruwa, ta kifa, ta gyara zamanta sau uku, sannan ta buga sau ɗaya. Na ji sautin a ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Sai da muka yi sau shida kafin akun ya kama shi daidai, don in na danna da wuri sai ya kama shiru, in na makara sai ya kama wutsiyar sautin. A na shida na taɓa haƙori, ƙwaryar ta fito daga cikin roba. Iya ta dubi masakin ta dubi fiyanon.

"To," ta ce. "Je ki kai."

Yanzu aiki ya rage in kai shi Gummi ba tare da ya mutu ba. Na sa sababbin batir tun a gida. Na samu gaban wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan gero da raguna uku a baya, da fasinjoji a kan buhunan. Na ɗora akun a cinya, na rufe shi da mayafi, kowane ɗan lokaci in danna haƙori ɗaya don kada ya kashe kansa. Duk dannawa sai a ji dum daga cikin mayafina. Direba ya tsaya sau biyu yana duba tayoyi. Matar da ke kusa da ni, wata Bafulatana da ƙoren nononta a ƙafa, ta matsa jikin ƙofa tana kallon cikina. Kunya ta kama ni, sai na murɗe ƙarar gaba ɗaya na ci gaba da dannawa a shiru. Hanyar a lokacin ba kwalta, damina ta cinye ta, mota na faɗawa rami tana fita. Muka yi kusan awa uku. Ban yi gyangyaɗi ba, ban sha ruwa ba, yatsana bai bar haƙorin ba.

Na shiga gidan Gwaggo bayan azahar, ban ko cire mayafi ba. Matan gidan suka taru. Na ce, "Gwaggo, saurara." Na buɗe ƙarar, na danna.

Rago ya yi kuka.

Na danna wani haƙorin, ɗan rago ya yi kuka. Ashe a wani ramin gwiwar hannuna ta bugi maɓallin kamawa, akun ya zubar da ƙwaryar Iya ya ɗauki ragon bayan mota, ni kuwa da na kashe ƙarar ban sani ba. Rabin hanya rago nake ta lallaɓawa.

Matan suka fashe da dariya, wata har ta zauna a ƙasa. Gwaggo ba ta yi dariya ba.

"Shi ta aiko mini da shi?"

Na rantse mata ba haka ba ne. Na ba ta labarin tun daga ɓarar wake har ramin hanya. Ta sa na maimaita wurin da Iya ta ce a sauko da ƙwaryar.

"Da kanta ta ce a sauko da ita?"

"Da kanta."

"Har yanzu ɗinki biyu na gare ta?"

"Biyu."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce a kawo mini abinci.

Da na koma gida na ba maigidana labari, sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce, "Mi ya hana ki ɗauka a kaset? In kin isa Gummi ki kunna kaset ɗin, akun shi kama daga nan." Wata biyu ina haɗa rikoda da fiyano a ɗaki ɗaya, wannan bai taɓa zo mini ba.

Mako biyu bayan haka na koma Bukkuyum da rikodarsa. Na gaya wa Iya abin da rago ya yi, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Wannan karon ba bugu ɗaya ta yi ba. Ta ce in bar kaset ya yi ta tafiya, ta yi kiɗa har fuska ɗaya ta kusa cika, salo bayan salo, ba ta faɗi sunan waƙa ko ɗaya ba, amma ko ni na gane na waɗanne waƙoƙi ne. A ƙarshe na roƙe ta ta yi mini bugu ɗai-ɗai guda goma, da shiru a tsakaninsu, don akun.

Na ɗauka aikin fiyano ya ƙare ke nan, tunda ga kiɗan gaba ɗaya a kaset. A Gummi na kunna wa Gwaggo. Ta saurara hannunta a kan gwiwa, ba ta motsa ba har ya ƙare. Ta ce in mayar farko. Ta shiga waƙa a kai, ta yi baiti biyu, a na uku ta tsaya jan numfashi, kiɗan ya wuce ya bar ta. Muka sake. Ta so ta ja wani kirari, kiɗan ya sauya salo. Sau biyar muna gwadawa.

"Kashe shi," ta ce. "Makiɗi shi ka bin mawaƙi. In na tsaya ta jira ni, in na ruga ta bi ni. Wanga kuwa gabansa ɗai ya sani."

Nan ne akun ya nuna amfaninsa. Na kunna bugu ɗai-ɗai ɗin nan, na zaɓi wanda ya fi cika, na kara fiyanon a bakin rikoda ya kama. Yanzu ƙwaryar Iya na ƙarƙashin yatsuna, in Gwaggo ta tsaya in tsaya, in ta ja in jira. Haƙoran da ke maƙwabtaka da na tsakiya suka tsaya a madadin hannun hagun Iya, wanda ke ɗaga bakin ƙwarya. Muka yi waƙa ɗaya har ƙarshe. Da muka gama Gwaggo ta ce muryar ƙwaryar ta yi, hannun ne na malamar makaranta.

"Kina ƙirga shi kamar kina kiran sunayen yara. Miƙo nan."

Na ɗora mata shi a cinya. Ta bi shi da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ta tambayi ina na tsakiya. Na aza yatsanta a kai. Ta nemi haƙora uku da take so, ɗaya a tsakiya, ɗaya ƙasa kaɗan, ɗaya sama, ta sa aka kawo ƙaro aka ɗan liƙa a kan kowanne don ta riƙa jin su. Kafin la'asar tana kiɗa da waƙa tare. Ba ta taɓa tambayar sauran maɓallan ba, ni ma ban gaya mata ba, sai dai na liƙa ɗan kwali a kan maɓallin kamawa saboda abin da ya faru a mota.

Na sha tunanin wannan yinin daga baya, musamman bayan na ga babbar na'ura mai irin wannan aiki. Shekara guda bayan haka na raka maigidana Kaduna, wani abokinsa mai ɗakin ɗaukar waƙa ya nuna mana tasa. Ta fi akuna ta kowace fuska. Tana riƙe sautuka da yawa, tana ajiye su a faifai ba ta mantawa, in ta maimaita murya ba ka rarrabe ta da mai ita. Ban ga aibinta ba. Sai dai wutar lantarki take so, ɗakin sai da sanyi, mutum ɗaya ne ya iya ta, kuma da na miƙa hannu sai na ji ni da kaina na janye shi. Ba mai naɗe ta a zane ya shiga a-kori-kura da ita. Ba mai liƙa mata ƙaro. Akuna kuwa an saye shi ne don yara su lalata, shi ya sa ba wanda ya ji tsoronsa. Ya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga, ya zauna a tabarma, makauniya ta koye shi tsakanin azahar da la'asar. Ko riƙe sauti ɗaya da yake yi ya yi mana rana, don ya sa muka zauna muka zaɓi bugu ɗaya cikin goma, muka san dalilin zaɓensa.

Kwana huɗu na yi a Gummi a wannan zuwan. Muka aro rikoda ta biyu a maƙwabta, muka ɗauki waƙa bakwai. Hawan farko Gwaggo da ƙwaryar Iya. A hawa na biyu na ba akun wata ƙaramar ƙwarya da aka buga da tsinke, na bi da ita a sama-sama, a nan Gwaggo ta yarda da hannuna don ba shi ke jan kiɗan ba. Hawa na uku amshi ne, ni da matan gidan biyu. Ana jin kaza a waƙa ta huɗu, ana jin shuuu a dukkansu. A ta shida muryar Gwaggo ta karye a wani wuri, na ce mu sake, ta ce a bar shi, haka muryar take yanzu.

Na kwafi kaset ɗin na kai Bukkuyum. Iya ta sa aka kira surukarta da maƙwabta, aka kunna. Ta saurari duka bakwai ɗin idonta a ƙasa, yatsunta na motsi a kan tabarma.

"Wa ke bugawa?"

"Gwaggo."

"Da wanga abin?"

"Da shi."

"Ta cika sauri a ta uku. Dā ma haka take, in ta ji daɗin baiti sai ta manta da mutane. Muryar ta tsufa."

Ta ce in kunna rikoda. Na zaci kiɗa za ta yi, sai ta kara bakinta ta ce, ba sallama ba suna, waƙa ta uku ba haka ake bugunta ba, ga yadda ake yi, ta buga. Sannan ta ce ta ji an ce ido ya tafi, Allah shi sawwaƙe, ita ma ƙafa ta tafi. Ta ce in kashe.

Gwaggo ta amsa a bayan kaset ɗin. Ta ce waƙa ta uku ita ta yi ta, ta san yadda ake bugunta. Ta ce a gwada man shanu da kanwa a gwiwar, da ɗumi. Daga nan na fita daga tsakaninsu, don makaranta ta koma. Wani direba da ke bin hanyar ranar kasuwa shi ya riƙa kai kaset yana kawowa, jikar Gwaggo da surukar Iya na danna musu rikoda. Na ji wasu daga cikin kaset ɗin daga baya. Kiɗa kaɗan ne a ciki. Yawanci labarin wanda ya rasu ne da wadda ta haihu, da gardama a kan wace shekara ce gulbi ya shigo gari. Ban ji inda ɗaya ta ba ɗaya haƙuri ba, ban kuma ji an ambaci bikin nan ba. Ba su sake haɗuwa ido da ido ba. Iya ta rasu damina biyu bayan haka, aka kai Gwaggo Bukkuyum ta'aziyya ta kwana uku.

Akun a Gummi na bar shi. Duk wata nakan aika da batir. Jikarta ta koyi kama bugun daga kaset, kullum da hantsi sai ta kama mata, Gwaggo ta yi abinta a ƙofar ɗaki har batir ya yi sanyi. Ya yi shekara uku a hannunta kafin haƙorin tsakiya ya daina kuka. Mai gyaran rediyo ya buɗe shi ya ce ƙura da man hannu sun cinye abin da ke ƙarƙashin haƙorin, ya goge, ya yi wata biyu ya sake mutuwa. Gwaggo ta matsar da ƙaron zuwa haƙoran gaba ta ci gaba, ƙwaryar ta ɗan sirance, ta ce ba laifi.

Kaset ɗin waƙa bakwai kuwa matan gidan suka ara wa maƙwabta, maƙwabta suka kwafa, na daina sanin inda ya kai. Wata ranar kasuwa a Anka, na fito sayen kayan miya, na ji shi yana tashi daga rumfar mai sayar da kaset a bakin tasha. An kwafe shi har ya dushe, amma ga kazar nan a waƙa ta huɗu. Wata mata da goyo ta tsaya tana tambayar mai rumfar su wane ne. Ya ce wata ƙungiyar mata ce daga Gummi, su goma sha biyu, ya taɓa ganinsu da idonsa a wani biki, mai ƙwaryar ruwan wata doguwa ce baƙa. Iya gajeriya ce, fara. Na tsaya har waƙar ta ƙare, matar ta sayi ɗaya ta soke a bakin zane, ni kuma na wuce wurin masu albasa.